Neman shawara: shekara bakwai a Jidda, kujerar shugaban sashe tana wuce ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekarata bakwai ina aikin akanta a wani kamfani mai zaman kansa a Jidda. Sau biyu kujerar shugaban sashenmu tana zama babu kowa, sau biyun kuma aka ba 'yan ƙasa waɗanda ni ce na zaunar da su gaban kwamfuta na koya musu yadda ake rufe lissafin ƙarshen wata. Ta biyun ma mace ce. In ci gaba da haƙuri, ko in nemi aiki a Dubai?

Wata 'yar uwa daga Riyad: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, a ganina takardar iƙama, wato zamanki na baƙuwa a ƙasar, ita ce ta tsaya miki, ba kasancewarki mace ba. An buɗe wa mata ƙofa sosai: a 2017 Rania Nashar ta zama shugabar bankin Samba, Sarah Al-Suhaimi kuma ta hau kujerar shugabancin hukumar kasuwar hannun jari ta Tadawul, sannan yawan matan Saudiyya da ke aiki ya haura kashi 30 cikin ɗari da aka yi buri a shirin gwamnati na raya ƙasa zuwa shekarar 2030. Sai dai tun 2011 tsarin Nitaƙat yake auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasar da ya ɗauka, kuma wanda ya gaza yakan sha wahalar samun bizar ma'aikata, shi ya sa mai kamfani idan ya ɗaga 'yar ƙasa yake ganin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Wani ɗan uwa daga Sharja: Hajiya, kada labarin Dubai ya ruɗe ki. Dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta 2021 ta wajabta mace ɗaya aƙalla a kwamitin daraktocin kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, amma wannan can sama ne, bai shafi manajan sashe ba. Nan ma ana fifita 'yan ƙasa, kodayake baƙi sun fi yawa a muƙamai.

'Yar uwar Riyad ta ƙara: A Saudiyya, tun Maris 2021 baƙo yana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba. Ki duba kwantiraginki a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ki nemi kamfanonin waje da suka buɗe ofisoshinsu a Riyad, kuma kafin ki ajiye aiki ki karɓi takardar shaidar ƙwarewa wadda ta ambaci cewa kin horar da ma'aikata biyu.