"Data shows" ko "data show"? Ku raba mu da edita

Auta: Salam jama'a, don Allah ku raba ni da editana. Na rubuta labari kan alƙaluman da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) ta fitar lokacin da suka sauya ma'auni, hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024 zuwa kashi 24.48 a Janairun 2025, na sa "data officially released by NBS shows", sai bawan Allahn nan ya ɗauki jan biro ya soke min s ɗin wai "show" ake cewa, a gaban 'yan bautar ƙasa fa.

Malam: Ai da gaskiyarsa Auta. Data jam'i ne a Latin, tilonsa datum, haka aka koya mana, kuma ki gwada kai wa sufabaiza projet da "data is" ki ga yadda zai dawo miki.

Anti: Haba Malam, to agenda fa? Ita ma jam'in agendum ce amma tunda nake ban taɓa jin ka ce "the agenda are" a mitin ba 😂

Malam: Wannan daban Hajiya.

Anti: Daban ta ina? Jaridar Guardian ta Ingila a ƙa'idarta tilo take ɗaukar data, kamfanin dillancin labarai na AP na Amurka ma tun 2019 ya yarda da tilo in labari ne na jama'a, sai a rubutun kimiyya ne suka bar jam'i. Auta kuwa jarida take yi ba tesis ba.

Kawu: Ni duk ba s ɗin ce ta dame ni ba. Wannan "officially" ɗin me yake yi a wurin? Tunda kin ce NBS ce ta fitar ai magana ta ƙare, ko akwai wanda suke fitarwa a bayan fage ne? Da ni ne editan shi zan soke.

Auta: Kai Kawu, na kawo ƙara kuma an ƙara min laifi.

Malam: Ki sa "figures show" kawai kowa ya huta, ba mai ja da ke.

Anti: Au, yanzu kuma guduwa za ka yi Malam? Ka dai amsa min maganar agenda tukuna.

Malam: Zan dawo, data ta kusa ƙarewa.

Anti: "Ta" kusa ƙarewa ka ce ko "sun" kusa?