Minti 15 aka ba ni a taron ƙara wa juna sani: me zan ɗauka daga kundina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. An karɓi tsakuren maƙalata, kuma an ba ni minti 15 na gabatarwa da minti 5 na tambayoyi. Babin da zan ciro ta daga cikinsa yana da tsawo, ga bitar ayyukan magabata, ga ra'i (wato mahangar da aka ɗora binciken a kanta), ga sakamako iri-iri. Ta ina zan fara ragewa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi ƙoƙarin matse babin gaba ɗaya. Zaɓi sakamako guda wanda ka fi iya kare shi da hujja, ka gina jawabin a kansa. Mai magana a natse yakan furta kalma 120 zuwa 150 a minti guda, saboda haka rubutunka kada ya wuce kalma 2,000. Bitar ayyuka ita ce ta fi cinye lokacin ɗalibai, alhali yawancin waɗanda ke zauren sun riga sun karanta ayyukan nan. Minti biyu sun ishe ka ka nuna giɓin da ka tarar. Hanyar tattara bayanai kuwa ka fayyace ta sosai, domin a nan masana suke auna ko za su yarda da abin da ka gano.

Amsa ta 2: Na yarda da Malama, sai dai ina ganin gwaji ya fi tsari muhimmanci. Ka fara gabatar da maƙalar a gaban abokan karatu da malamin da ke duba aikinka, wani yana riƙe da agogo, domin shugaban zama zai tsayar da kai ko da ba ka kai ga sakamakon ba. Ka ajiye kwafin PDF a filashi, saboda PowerPoint yakan sauya fasali a wata kwamfutar.

Amsa ta 3: Game da tambayoyi, ka maimaita kowace kafin ka amsa, don na baya su ji, kai ma ka sami damar tunani. Idan farfesa ya taɓo abin da bincikenka bai kai gare shi ba, ka faɗi haka kai tsaye, ka rubuta, sannan ka neme shi lokacin hutu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara basira. Zan ɗauki sakamako na biyu, tunda shi ne bayanansa suka kammala.