Injin ban ruwana yana shaƙar iska ta bakin mesa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman rani da injiniyoyinmu.

Ina da gonar tumatir da albasa a gefen Kogin Haɗeja, ina ja da inji mai mesa inci 3. Tun da ruwa ya fara ja baya a watan Fabrairu na shiga wani hali. Da na tada inji, ba a minti biyar sai in ga ruwan da ke saman bakin mesa ya fara juyawa kamar guguwa, tsakiyarsa ta lotsa kamar mazurari har ƙasa. Daga nan sai ƙarar inji ta canza, ya riƙa kakari yana karkarwa, ruwa na fita guntu-guntu, ƙarshe ya yanke sai na sake ɗura masa ruwa.

Da farko na zargi mesar, na ɗaure mahaɗa da roba, ba huji ko ɗaya. Na nutsa bakin ƙasa sosai, sai ya kwaso laka da yashi ya toshe rariya. Zurfin wurin bai wuce gwiwa ba yanzu. In na rage wuta guguwar takan lafa, amma kafin ruwa ya kai kwamin ƙarshe rana ta faɗi, ga tsadar fetur.

Wani dattijo maƙwabcina ya ce in ɗora faffaɗan katako ya yi iyo a saman wurin. Ya ɗan taimaka, sai dai igiyar ruwa tana janye shi.

To, nawa ya kamata zurfin ruwa ya kai a saman bakin mesa mai inci 3? In haƙa rami ne in kafa ganga mai huji, ko in faɗaɗa bakin? Wanda ya taɓa gwadawa don Allah ya taimaka, tumatirin ya fara fure.