Aminiyata ta tona min asiri wajen Umma, yanzu tana kwance a asibiti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda zai amsa ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke min hukunci.

Shekarata 24, a Kano nake. Shekara huɗu muna tare da wanda zan aura. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, lefe ma an kawo. Akwati shida suna nan jere a ɗakin Umma, dangi da maƙwabta duk sun zo sun gani sun sa albarka. Da lokaci ya matso sai muka je gwajin jini, tunda yanzu liman ba ya ɗaura aure sai ya ga takarda. Sakamako ya fito ni AS, shi ma AS, wato dukanmu muna ɗauke da gadon sikila a jini. Shi tun yana sakandare aka ce masa AA ne, wato ba ya ɗauke da shi, a kan haka muka gina komai. Na ga lokacin da ya karanta takardar, ya ninke ta sau huɗu ya cusa a aljihu, har ya sauke ni a ƙofar gida bai ce uffan ba.

Bayan kwana biyu ya zo zance, ya ce ya san wanda zai buga mana wata takardar da za ta nuna shi AA ne. Ya ce lafiya ta Allah ce, kuma akwai masu AS da suka yi aure suka haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ban ce masa to ba, amma ban ce a'a ba.

Ina da aminiya tun muna aji uku a firamare. Tana da sikila. Ni nake ɗaukar mata jaka idan ciwon ya taso a makaranta, na kwana a gefen gadonta a asibiti ba adadi, ina tausa mata ƙafa da tawul mai ɗumi tana cizon filo don kar ta tayar da masu barci. Ita kaɗai na gaya wa, na kuma sa ta yi min alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta yi shiru, hawaye na zuba, sai ta ce, "Ki fasa." Na ce mata ai ke ma ga ki nan a raye, har digiri kin yi. Ba ta amsa ba. Kwana biyu tsakani, ina Islamiyya, ta je gidanmu ta zayyane wa Umma komai, har da maganar takardar.

Abba ya dakatar da bikin. Gidansu saurayin sun yi fushi, shi kuma kullum yana kirana yana cewa idan na tsaya da ƙafata Abba zai sauko. Ita kuma na tura mata saƙon da har yau nake jin kunyarsa. Na ce don ita ba ta samu miji ba shi ya sa take baƙin ciki da nawa, kuma ba ni ba ita har abada. Ta karanta, ba ta mayar da ko harafi ɗaya ba.

Yau sati shida kenan. Jiya ƙanwarta ta kira ni ta ce kwanansu biyar a asibiti, an ƙara mata jini, kuma tana ta tambayata. Wallahi ina son shi, ban taɓa hango rayuwata da wani ba. Ita ma ina kewarta, amma duk na tuna ta karya alkawari sai zuciyata ta yi nauyi. Na dage a kan auren ko na haƙura? Kuma da wane ido zan je na kalle ta?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, bari na fara da abin da na sani, sauran na bar wa manya. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai kashi 25 cikin ɗari a haifi SS, wato mai sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ki lura da kyau, a kowane ciki na ce. Mutane suna ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai fito da sikila, wai idan na fari ya ɗauka sauran ukun sun tsira. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce. Za ki iya haihuwar shida duk lafiya, za ki iya haihuwar uku a jere duk SS.

Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120 a jiki, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kike ganin ƙarancin jini da idanu rawaya. Ciwon da ƙawarki take ciza filo a kansa kuwa, ƙwayoyin ne suke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, har da damuwa duk suna iya tayar da shi.

Abu ɗaya da zan ce ku yi kafin komai: ku sake gwajin a babban asibiti, ku nemi wanda ake kira HPLC, domin ana samun kuskure a ƙananan wuraren gwaji. Tunda an taɓa ce masa AA, to ɗaya daga cikin biyun ba daidai ba ne. Amma kowa ya je da waliyyinsa, kuma kar a karɓi takardar da wani ya kawo a aljihu.

Maman yara biyar: 'Yata, ni ba a littafi na karanta ba. Lokacin aurenmu babu wanda ya san wani gwaji. Biyar na haifa, uku suna da shi. Na farin yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya kwana uku yana tsala ihu, ko taɓa shi aka yi sai ya sanƙare. Muka yi ta rubutu da hayaƙi muna cewa iska ce, kafin wani likita ya gaya mana gaskiya. Ta biyun tana shekara tara ta tashi da safe ɓarin jikinta ya shanye. Har yau da jan ƙafa take tafiya.

Mutane idan hunturu ya shigo murnar sanyi suke, ni gabana ne yake faɗuwa. Ina da jaka guda a bayan ƙofa, kullum a shirye, da zani da filas da katin asibiti. Filin gadona na sayar, ɗankunnen aurena ma ya tafi wajen neman jini. Mahaifinsu mutumin kirki ne, bai gudu ba, amma soyayyar da kike magana a kai, mun fi shekara goma ba mu zauna mun yi hirar da babu magani da kuɗin gado a cikinta ba.

Abin da ya fi ci min rai, ranar da babban ya dube ni yana kan gado ya ce, "Mama, kun san haka zai faru?" Na iya ce masa wallahi ba mu sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ke kin sani. Ki tanadi amsar da za ki ba naki.

Wani magidanci: Ni ban goyi bayan yadda ake tsorata yarinyar nan ba. Ƙanin mahaifina da matarsa duk AS ne, 'ya'yansu huɗu babu mai sikila ko ɗaya. Kuma yanzu akwai magani, ana ma dashen ɓargo. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, a bar mutane su yi tawakkali.

Ma'aikaciyar jinyar ta sake cewa: Malam, Allah Ya ƙara wa iyalan baffanka lafiya, amma dacewar gida ɗaya ba hujja ba ce ga wani gidan. Maganin da ake sha, irin su hydroxyurea, rage tashin ciwon suke, ba sa warkarwa, kuma sha ne na kullum. Dashen ɓargo yana warkarwa, amma kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa, sai an samu wanda ɓargonsa ya dace, kuma shi ma yana da haɗarinsa. Ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Nawa ne a cikinsu iyayensu za su iya wannan?

Malamin Islamiyya: Baiwar Allah, tawakkali gaskiya ne, amma Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. A Arba'una Hadis, hadisi na 32, an ce babu cuta babu cutarwa. Ba zan ce miki auren haramun ne ba, wannan hukunci na manyan malamai ne. Amma takardar ƙarya ba ta da wata fassara: yaudarar waliyyinki ce, da liman, da shaidu. Kuma tun watan Mayun 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, yin hakan a Kano saɓa doka ne ma. Ki yi istihara, amma ki yi ta da zuciyar da ta shirya karɓar amsar da ba ta so. Game da ƙawarki, bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Ke kin yi sati shida.

Wata 'yar'uwa: Ni abin da ya tsaya min, namijin da zai iya kawo wa mahaifinki takardar bogi tun kafin ki shiga gidansa, me zai ɓoye miki bayan kin shiga? Wataƙila tsoron rasa ki ne ya ruɗa shi, ban ce mugu ba ne. Amma ki sa wannan ma a sikeli.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan: Ni na haƙura da tawa, saura wata biyu biki. Ba zan yi miki ƙarya ba, na fi shekara ban dawo daidai ba, ko hanyar unguwarsu ba na iya bi. Waɗanda suke cewa za ki manta nan da nan ba su taɓa so ba. Abin da ya taimake mu shi ne manya suka zauna aka rabu da mutunci, aka mayar da kaya ba tare da an ƙirga ko ɗankwali ba, kuma aka faɗa wa dangi dalilin a fili don kar a ƙaga wa yarinya wani abu. Ki roƙi Abbanki ya yi haka idan abin ya kai can. Sannan ku daina wayar dare. Muddin kuna yi, mikin ba zai kame ba.

Mai sikila, shekara 31: Na jira na ga ko wani zai yi maganar ƙawar nan yadda ya kamata, to bari ni na yi.

Kin ce mata ga ta nan a raye har ta yi digiri. Mu ma muna son rayuwarmu, 'yar'uwa. Ina aiki, ina dariya, ba na fatan a ce ba a haife ni ba, kuma ina jin zafi idan ana maganarmu kamar mu kaya ne da aka jibga wa iyaye. Amma akwai abin da ke ba ki gani ba duk da kwanan da kika yi a gefen gadonta. Kin ga cizon filo. Ba ki ga yadda take kallon mahaifiyarta tana ƙirga kuɗi a bakin taga tana jin ita ce sila ba. Ba ki ji abin da take ji ba idan saurayi ya ɗauke ƙafa ranar da ya ji labari, ko idan ma'aikacin asibiti ya kalle ta kamar allura take kwaɗayi alhali ƙashinta kamar ana sara da gatari. Ba ma faɗa wa ƙawayenmu waɗannan, saboda muna tsoron mu gundure su su tafi.

Ki duba abin da ta saka a faifai. Masu irin ciwonmu ba mu cika tara ƙawaye ba, mutane suna gajiya da zuwa dubiya. Ke ce wadda ba ta gaji ba. Ta san idan ta je wajen Ummanki za ta iya rasa ki, kuma ta je. Da baƙin ciki take yi da aurenki, shiru ya fi mata sauƙi, ta ci shinkafar biki ta zuba ido.

Ta karya alkawari, gaskiya ne, kuma kina da haƙƙin jin ciwo. Ki gaya mata hakan wata rana idan ta warke. Amma maganar miji da kika yi mata, kin soke ta ne a daidai inda kika san babu fata. Wannan ke ce za ki nemi yafiya. Kuma kar ki ce sai kin gama shawarar aure, abu biyu ne daban. Kar ki ce sai an sallame su. Na rasa ƙawayena biyu da muke haɗuwa a layin ganin likita, dukansu ana cewa sun fara samun sauƙi. Ki je yau.

Mai tambaya: Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na je jiya bayan la'asar, Umma ce ta raka ni. Na tarar tana barci, ta rame, ga robar ƙarin ruwa a bayan hannunta. Mamanta ta matsa min kujera ba ta ce komai ba. Na rasa abin yi, sai na ɗaga bargon na fara tausa mata ƙafa kamar da. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kin kawo min kunun gyaɗa?" Na fashe da kuka, na ce ta yafe min. Ta ce na yi a hankali da ƙafar hagun, ita ce ta fi ciwo.

Maganar aure kuma, Abba ya ce ranar Litinin za a sake gwajin, Kawuna zai raka ni, shi ma saurayin ya zo da nasa waliyyin. Na gaya wa saurayin ba zan karɓi waccan takardar ba ko me zai faru. Ya yi shiru ya kashe wayar, bai sake kira ba tukuna. Akwatunan suna nan a ɗakin Umma, ta lulluɓe su da zanin gado. Ku sa ni a addu'a. Yanzu zan tashi na dama kunun, da ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofar dubiya.