Me ya sa oleyik ke kashe yis ɗina, palmitik kuwa ko a jikinsa?

Ɗalibar_yis ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin digiri na biyu a kan yis, wato Saccharomyces cerevisiae, kuma kwana uku ke nan wani faranti ya hana ni sakat. Iri biyu nake reno: lafiyayye, da wanda aka cire wa ƙwayoyin gado huɗu masu alhakin ajiye kitse, DGA1, LRO1, ARE1 da ARE2. Na ɗiɗɗiga su jere, kowane ɗigo ya fi na gabansa tsinkewa sau goma, na ajiye a zafin digiri 30. A farantin da ba kitse duka biyun sun tsiro sumul. Oleyik da palmitik asid ɗin kitse ne guda biyu. A farantin oleyik, layin lafiyayyen ya cika fal, ɗayan kuwa wayam, ko tabo babu. A na palmitik kuma kowa ya tsiro abinsa.

Abin da ya ɗaure mini kai, akasin haka aka koya mana a ƙwayoyin ɗan Adam: palmitik ne mai kisa, oleyik mai ceto. Sau biyu ina maimaitawa. Ni na yi kuskure wajen haɗi, ko haka abin yake?

Tsohon_malami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki Malama, farantinki bai yi ƙarya ba. A shekarar 2009 rukuni biyu suka wallafa wannan sakamakon, na Kohlwein a Graz ta Ostiriya da na Sturley a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka.

Duk asid ɗin kitsen da ya shiga yis, sinadaran enzayim Faa1 da Faa4 ne kan fara liƙa masa CoA, ɗan sinadarin da ke shirya shi don aiki. Daga nan ko a gina tantani da shi, ko a kai shi ma'ajiya. Dga1 da Lro1 su ke haɗa TAG, kitsen ajiya: Dga1 na ɗaukar sarƙar daga CoA, Lro1 kuwa daga jikin fosfolifid, kitsen da ake gina tantani da shi, yake cirowa. Are1 da Are2 na ɗaura sarƙar a kan sitirol, wani kitse dangin kolesterol. Duka kitsen biyu a ɗigon kitse ake tara su, inda ba su da ta cewa. Ke kin rushe ma'ajiyar gaba ɗaya, to ina oleyik zai nufa? Sai tantani. Shi kuma sarƙarsa mai kabon 18 tana da lanƙwasa a tsakiya. Idan fosfolifid ya samu lanƙwasassu a ƙafafunsa biyu, jeren ba ya matsewa, tantanin ER, sashen cikin ƙwaya da ake ƙera kitse, ya yi ta ninkuwa yana cika ƙwayar har ta mutu. Palmitik miƙaƙƙe ne, kuma yis na da Ole1 da zai lanƙwasa masa gwargwadon bukata, shi ya sa yake iya da shi.

Ki gwada wani abu: ki zuba palmitik tare da oleyik a faranti ɗaya. Mutanen Graz sun ga hakan na rage gubar oleyik, ko da yake ba gaba ɗaya ba.

Maganar ɗan Adam ma ba ta saɓa ba sosai. A 2003 rukunin Schaffer ya nuna cewa oleyik na ceto ne don yana saurin shiga TAG, har ya ja palmitik tare da shi. Da suka gwada ƙwayoyin ɓera marasa DGAT1, enzayim mai haɗa TAG a dabbobi, oleyik ɗin ma guba ya zama.

Mai_haɗa_faranti ya amsa:

Duk abin da Malam ya faɗa haka ne, amma 'yar'uwa, kafin ki wanke palmitik daga laifi, ɗaga farantin ki duba shi a haske. Oleyik ruwa ne a zafin ɗaki, palmitik kuwa sai ya kai wajen digiri 63 yake narkewa. Na taɓa yin sati biyu ina murnar yis ɗina na jure shi, ashe duk ya daskare fari-fari kamar garin kyandir a cikin aga, daskararren abin da ake renon yis a kai, bai ma shiga ƙwayoyin ba. Ki narkar da shi a itanol, ki sa sabulun Brij 58 ko Tergitol, ki zuba tun agan na da ɗumi. Kuma ki yi faranti guda mai itanol da sabulun kaɗai, don ki san ba su ne ke kisan ba.

Ɗalibar_yis ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri. Na duba, farantin tas yake, Tergitol na sa. Ɗazu kuma na rina su da Nile red, rinin da ke haska kitse, na leƙa a maikiroskof: lafiyayyen cike da ƙananan ɗigo masu ƙyalli kamar an watsa tsakiya, ɗayan ko guda ɗaya babu. Sai dai Malam, me ya hana shi ƙona oleyik ɗin ya huta?

Tsohon_malami ya amsa:

Sukarin da ke farantinki ne ya hana. A cikin ferokzizom, wata 'yar jaka a cikin ƙwayar, kaɗai wannan yis ke ƙona kitse, kuma muddin akwai gulukos, POX1 da 'yan'uwansa, ƙwayoyin gadon ƙona kitse, a kulle suke.

Tunda kin zo nan, kar ki tsaya a kan huɗun nan. Ki nemo irin da aka cire wa PAH1. Pah1 ne ke cire fosfet daga PA, wani kitse mai sarƙa biyu, ya mayar da shi DAG, tubalin TAG, wanda Dga1 da Lro1 ke jira su yi aiki a kansa, kuma sai Nem1 da Spo7 sun cire masa nasa fosfet ɗin kafin ya kama tantani. Rukunin Carman na Jami'ar Rutgers ya nuna a 2011 cewa yis mara Pah1 ba ya jure kitse, duk da huɗun nan naki suna nan lafiya. A wurina wannan ne gwajin da zai fi ƙara wa kundinki nauyi. Ki jera shi a layi na uku, ki ƙara farantin palmitoleyik mai kabon 16, ki turo mana hoton bayan kwana biyu.