Wa ya taɓa tayar da tsohon injin gem mai cin kwandala?

Mai buɗe zance, Kaduna: Assalamu alaikum. Na sayo tsohon akwatin gem a hannun 'yan gwangwan kafin su fasa shi. Neo Geo ne na kamfanin SNK, irin mai ɗaukar kaset. Gara ta ci gindin katakon, ɓera ya gwaigwaye wayoyi biyu. In na kunna sauti na fita, hoto babu. Waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, ku ba ni labarin yadda kuka yi.

Mai gyaran talabijin, Kano: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, kada ka kai hannu bayan kwalbar da ke nuna hoto. Irin ta talabijin mai ƙeya ce, wutarta ta haura bolt 20,000, kuma tana riƙe ta ko an zare fulogi. Ina yaron shago ta taɓa wurgi da ni, kwana biyu hannuna na rawa. Nemi wanda ya iya sauke wutar. Guda biyun da na gyara, kafasita, wato ƙananan kayan da ke ajiye wuta, su ne suka bushe. Da na canza su duka, hoto ya dawo tar.

Ɗalibi a Osaka: Duba lambar wuta a bayan akwatin. Nan Japan bolt 100 ake amfani da shi, tamu ta gida kuwa ta ninka haka. Na farko da na aika gida, aka jona shi kai tsaye, hayaƙi ya tashi. Har yau abin na yi mini ciwo.

Mazaunin Birmingham: Ni da farko tarkace na ɗauke su, sai da na taya maƙwabcina gyara Space Invaders, gem ɗin harbin dodanni wanda kamfanin Taito ya fitar a 1978. Muka buɗe, na ga allon baƙi da fari ne. Launin da nake gani ledoji ne masu kala aka manna, madubi kuma ke ɗora hoton a kan zanen wata. Saurin da dodannin ke ƙarawa in sun ragu ma, asalinsa ƙwaƙwalwar injin ce ke samun sauƙin aiki, Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙirƙiro gem ɗin, ya ga ya yi daɗi ya bar shi haka. Wallahi daga ranar na fara ganin girman mutanen nan. Wata takwas muka yi muna neman kayan gyara. Ka kuma duba batirin da ke kan fanel ɗinka, wato farantin da kayan wutar injin ke kai, in ya tsufa yana tsiyaya ya cinye layukan.

Mai buɗe zance: Allah ya saka da alheri. Batirin kuwa ya fara tsiyaya, na cire shi na goge wurin da tsohon buroshi. Yaya, na kai kwalbar wajen mai gyara kamar yadda ka ce, jiya hoto ya fito, ko da yake ja bai kama sosai ba. Kafinta zai zo Asabar ya sake gindin. Yaran gidanmu tun la'asar suke layi a zaure.