Bonneville ɗin da na sayo: wanne ne nasa, wanne ne na aro?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Allah Ya nufa jiya na ɗauko babur ɗin nan ƙirar Triumph da na ishe ku da labarinsa. Mai shi ya ce Bonneville ne T120R na 1969, cikin kwantena ya zo daga Amurka tare da wasu motoci. Bugu biyu yake tashi, ba hayaƙi. Amma tun da na kafe shi a soro nake zagaya shi, zuciyata na raya min akwai kayan aro a jikinsa. Ga hotuna nan guda tara. Don Allah masu ido a taimaka.

Mai Vespa: Allah Ya sanya alheri, Ya tsare hanya. Nawa ka zube?

Sabon Shiga: Amin Oga. Wannan sai mun haɗu, uwargida kan ɗauki wayar nan.

Baba Mai Sifana: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye maganar fenti da fitila tukuna. Samo tsumma da ɗan fetur ka goge gefen hagu na injin, daidai ƙasan silinda, za ka ga lamba. Sai ka duba jikin shasi ta hagu, can sama kusa da wuya, akwai wata. In daga Meriden, masana'antar Triumph a Ingila, suka fito tare, lambar ɗaya ce. Tanki da kujera da salansa duk ana saye a kasuwa. Lamba ce ba ta sayuwa.

Sabon Shiga: Baba na goge. Akwai T120R, akwai DC da lambobi biyar. Ta shasin ma haka, sai dai fenti ya ɗan cike ta.

Baba Mai Sifana: Alhamdu lillahi. Harafin farko wata ne, na biyu shekara. D Afrilu, C kuma 1969. A ƙarshen 1968 suka soma wannan tsarin, kafin nan DU ake gani a gaban lambar masu injin 650cc tun 1963. Ƙara haska tocila a kan wurin. Na wannan lokacin ɗan tudu ne, an bi shi da ƙananan tambarin Triumph, lambar a kansu aka buga. In ka ga wurin sumul kamar an ci shi da garanda, to ka dawo mu yi wata maganar.

Sabon Shiga: Tambarin suna nan, ƙanana ƙanana.

Injiniya: To uwa da uba dai nasa ne. Sauran dangi ne na aro. Hoto na 3: kafiretocin nan Mikuni ne, na Japan. Nasa Amal Concentric 930, guda biyu, dama da hagu. Hoto na 5: sigina ba tasa ba ce, sai 1971 kamfanin ya fara sa ta. Agogon gudu ma kilomita yake nunawa, alhali na Amurka Smiths ne mai mil. Birkin gaba kam daidai yake, ganga mai inci 8 da bakin shan iska.

Mai Vespa: Ni abin da ya ɗaure min kai, wane bakanike ne ya mayar masa da giya ƙafar dama?

Injiniya: Haba Malam. Haka aka haife shi. Giya dama, birki hagu. Sai wajen 1975 suka juya saboda dokar Amurka, a kan T140, Bonneville ɗin da ya biyo bayan wannan.

Mai Vespa: To Allah Ya kiyaye ranar da akuya za ta gitta, a taka giya a ce birki ne.

Na Jos: Sabon Shiga, ka gode wa Allah da ka samu Baba ya fara da lamba. Ni ba wanda ya gaya min. Shekarun baya wani ya kawo min nasa, ja yana ƙyalli, kafireta biyu, an rubuta Bonneville a murfin gefe. Ido ya rufe, na biya ko ragi ban nema sosai ba. Sai da na yi wata huɗu ina taƙama wani dattijo ya duƙa a bakin masallaci ya leƙa ƙasan silinda, ya ɗago ya ce, "Alhaji, TR6 ɗinka ya yi kyau." Ashe mai kafireta ɗaya ne aka cire masa kai aka ɗora na Bonneville. Ƙasan injin kusan ɗaya ne, shi ya sa abin ke zama daram. Babur ne mai kyau, ban ce ba, amma ba kuɗinsa na biya ba.

Wannan ma da sauƙi. Abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci shi ne gyara. Na kai shi wajen wani yaro da ke min aikin ƙananan mashina, hannunsa na da kyau wallahi, amma bai taɓa ganin na Ingila ba. Ya sa sifana 13 ta ƙi shiga, ya sa 14 tana sulɓewa, don notin Whitworth, tsohon awon Ingila, tsakaninsu yake. Maimakon ya tsaya ya kira ni, sai ya ɗauko filaya da kurfi da guduma. Da na dawo da la'asar na tarar da kawunan notina a faranti kamar ɓera ya gaigaye su. Inda zare ya ƙi, ya tura kusar milimita da ƙarfin tsiya cikin alminiyam. Huɗu daga ramukan murfin injin sun tafi ke nan.

Ban gama jinyar wannan ba mai wayarin ya zo sa batir. Shi a saninsa jar waya ita ce wuta, baƙa ita ce ta jiki. Waɗannan kuwa a juye suke, fozitib ne ke zuwa jikin shasi, jar waya ita ce ta ƙasa. An cire fiyus tun a hannun mai shi na farko an ɗaure da waya, ban sani ba. Ina tsaye na ji ƙauri. Rektifaya ta tafi, zena ta bi ta, wayoyin ƙarƙashin kujera suka narke suka manne. Wata bakwai babur na jingine a bango, kaji na kwana a kansa.

Don haka kafin ka damu da Mikuni, bi kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka ga an buga 8.8 a kanta, ta milimita ce, wani ya riga ka ɓarna a wurin. Ka ɗaga kujera ka ga wace waya ce ta tafi jiki, kuma akwai fiyus ko babu. Kada ka bar kowa ya taɓa shi ba ka tsaye.

Alhajin Zariya: Inna lillahi. Allah Ya mayar da alheri. Kajin dai sun more.

Baba Mai Sifana: Gaskiya ya faɗa. Kuma na 1969 ya fi wahala, don lokacin ne suke sauya zare zuwa UNF irin na Amurka, ba su gama ba. A babur ɗaya za ka samu tsohon zaren Ingila da sabo. Sifana kala biyu za ka ajiye, ta Whitworth da ta inci.

Injiniya: Na ƙara zuƙo hoto na 7. Wannan ɗan baƙin akwatin kusa da batir Boyer ne, na'urar ba filogi wuta ta zamani, an cire kwantak. Ni dai shawarata ka bar shi. Mikuni ma ka bar su. Hawa za ka yi ko gidan tarihi za ka buɗe?

Baba Mai Sifana: Injiniya kullum maganarka ke nan. Kwantak in ya ƙi a daji, da ɗan sandifefa da sukundireba ka dawo gida. Akwatinka in batir ya yi sanyi sai turi.

Injiniya: Baba da girmanka, su kansu Turawan da suka ƙera shi Sarkin Duhu suke kiran Lucas, kamfanin da ya yi masa kayan wuta.

Baba Mai Sifana: Masu barin datti a kan waya ne suka sa masa sunan. Na girme ka a wannan aikin da shekarun da ba zan faɗa ba.

Injiniya: Na bi, ranka ya daɗe. Amma ban janye ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, wannan rigimar mun yi ta da azumi, mun yi ta bayan Babbar Sallah. A taimaki mai tambaya.

Ɗan Birmingham: Afuwan, yanzu na tashi daga aiki. Abu biyu. Nemi littafin kayan gyara na 1969, wanda kamfanin ya buga da zanen kowane ƙarfe da lambarsa, ana samun sake bugu da arha. Da shi za ka zauna gaban babur kana dubawa shafi shafi. Na biyu, ƙungiyar masu Triumph ta nan Ingila da VMCC, ƙungiyar masu tsofaffin babura, suna duba lamba a tsofaffin rajistocin kamfanin, su gaya maka ranar da ya fita da inda aka tura shi. Ana biyan wani abu. Amal kuma har gobe ana ƙera sababbi a Salisbury, in ka so komawa na asali ba sai ka bi gwanjo ba. Af, Meriden ɗin ba nisa da ni. An rufe masana'antar a 1983, an rushe, gidaje ne yanzu a wurin. Akwai layin da aka sa wa Bonneville Close.

Alhajin Zariya: In za ka zo hutu ka taho min da robar tanki ta gwiwa, biyu.

Ɗan Birmingham: Alhaji na bara ma ba a biya ba.

Alhajin Zariya: Sabis ba kyau a nan, ban ga saƙonka ba.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na ɗaga kujera, ja ce ta tafi jiki, fiyus na nan. Kusa mai 8.8 na ƙirga shida, duk a madigadin baya. Saura tanki. Baƙi ne, kuma ban gane ko nasa ba ne.

Injiniya: Launin shekarar Olympic Flame ne da ruwan azurfa, wani ja mai ruwan lemo. Bajon da ke jiki kuma mai kama da gira ne, na 1966 zuwa 1968. Na 1969 ya fi shi zama murabba'i. Ko bajon aka canza ko tankin gaba ɗaya.

Na Jos: Ko kuma sabon ƙira ne irin na Indiya. Cire shi ka kifa, ka duba walda da yadda ramukan suka hau. Ka leƙa rim ma ko an buga Dunlop.

Mai Vespa: Kafin nan dai shimfiɗa kwali a ƙasansa. In mai ya ɗiga a soro, tambayar da na yi maka ɗazu uwargida za ta yi, kuma ita ba za ka ce mata sai kun haɗu ba.

Sabon Shiga: Ya riga ya ɗiga. Baba, sifanar Whitworth ɗin a ina zan samu? Ko Ƙofar Ruwa?

Baba Mai Sifana: Gwada wajen masu tsofaffin kayan Land Rover, nan ko Panteka. Tawa ba ta kwana a waje. In ka matsu kawo babur ɗin ranar Asabar bayan azahar, ka taho da fetur ɗinka.